Abin da Tambari Zai Iya Shaida: Daga Gonakin Inabin Turai zuwa Kasuwar Nima

Noman bayodainamik ya samo asali ne daga laccoci takwas da Rudolf Steiner, masanin falsafa ɗan Ostiriya, ya gabatar wa manoma a watan Yunin 1924 a Koberwitz, wani ƙauye kusa da Breslau wanda a yau yake cikin ƙasar Polan. Manoman sun kai masa kukan cewa tun da takin zamani ya shigo ƙasa ta fara gajiya, iri ya rage ƙarfi, dabbobi kuma sun yawaita ciwo. Amsar da ya ba su ta haɗa abu biyu wuri guda. Na farko shi ne gona ta riƙe kanta da kanta: shanunta su ba ta taki, ciyawarta ta ciyar da shanun, a rage sayen komai daga waje. Na biyu shi ne imanin cewa wata da taurari suna zubo wani ƙarfi a kan tsirrai, kuma manomi zai iya jawo wannan ƙarfi da wasu haɗe-haɗe da aka sa wa lambobi daga 500 zuwa 508.

Mafi shahara a cikinsu shi ne lamba 500. Ana cika ƙahon saniya da kashinta, a binne a farkon sanyi, a tono idan hunturu ya wuce. Sai a ɗebi ɗan kaɗan a zuba a ruwa, a yi ta juyawa har tsawon awa guda, dama sannan hagu, a yayyafa a gona da yamma. Lamba 501 garin farin dutse ne da ake binnewa a cikin ƙaho lokacin zafi, kuma 'yan giram kaɗan ake fesa wa hekta guda. Sauran akasarinsu furanni ne da ɓawon itace da ake cusawa a mafitsarar barewa, ko hanjin saniya, ko ƙoƙon kan dabba, kafin a sa su a tulin taki. Steiner ya rasu a 1925. Daga baya wata Bajamushiya, Maria Thun, ta shiga fitar da kalanda kowace shekara tun farkon shekarun 1960, wadda ta raba ranaku zuwa na saiwa, na ganye, na fure da na 'ya'ya, gwargwadon inda wata yake a cikin buruji.

A 1928 aka ƙirƙiro tambarin Demeter don bambanta amfanin irin waɗannan gonaki, kuma shi ne mafi daɗewa a cikin tambarin noman da ba ya amfani da sinadaran kanti. Sunan na gunkiyar hatsi ce ta tsoffin Girkawa. Inda tambarin ya fi yin suna a yau shi ne gonakin inabin giya, musamman a Faransa, bayan Nicolas Joly ya mai da gonarsa ta Coulée de Serrant a kwarin Luwar zuwa wannan hanya a farkon shekarun 1980, wasu manyan gidajen giya na Burgundi kuma suka bi sahu. A 1995 masu inabin Faransa suka kafa ƙungiyar da ke ba da nata tambarin, Biodyvin. Steiner kansa yana ganin barasa tana toshe wa mutum hanyar ci gaban ruhi, don haka ba giya ya nufa da koyarwarsa ba.

Samun tambarin yana da wuya. Sai gona ta fara cika sharuɗɗan noman oganik, ta yi wajen shekara uku tana sauya hali, ta ware kashi 10 cikin ɗari na filinta ga itatuwa, ciyayi da ƙananan halittu. Kowace shekara mai duba gona yana zuwa. Yana buɗe littafin sayayya, ya leƙa rumbun ajiya ko akwai buhun takin zamani, ya nemi a nuna masa ranar da aka fesa lamba 500 da inda aka samo ta, ya bi lissafin yawan inabin da aka tsinka da yawan kwalaben da aka cika. Idan lissafi ya saɓa, tambari ya tafi.

A nan tambayar falsafa take. Mai duba gonar ya ga ƙaho, ya ga takarda, ya ga kwanan wata. Bai ga ƙarfin taurari yana sauka ba, kuma ba wanda ya nemi ya gani. Gwajin da aka fara a Therwil ta ƙasar Siwizalan a 1978, wanda aka buga sakamakonsa a mujallar Science a 2002, ya nuna gonakin oganik da na bayodainamik sun ba da amfani ƙasa da na takin zamani da kusan kashi 20 cikin ɗari, amma ƙasarsu ta fi rai, ta fi yawan tana da ƙananan halittu. Wani gwaji a gonar inabi a Kalifoniya da aka buga a 2005 bai sami bambanci a ingancin ƙasa tsakanin oganik da bayodainamik ba. Abin da hujja ta tsaya a kai shi ne taki, juya shuka da kulawar manomi suna gyara ƙasa. Batun ƙaho da buruji kuwa har yau da'awa ce. Tambarin Demeter yana shaida cewa an yi aikin yadda aka shimfiɗa shi. Ingancin aƙidar da ke bayan aikin ya fi ƙarfin kowane mai duba gona.

Wannan magana tana da nisa da Akra a ido, amma tana kusa a ma'ana, domin mazauna zangunan birnin sun fi kowa sanin darajar shaida a kan abin da mai saye bai gani ba. Zangon Malam, wanda aka fi sani da Zongo Lane, ya kafu ne a wajajen 1881 a kan filin da Malam Idris Naino ya samu daga hannun mutanen Ga. Ɗansa Malam Baƙo ya kafa Sabon Zango a farkon ƙarni na 20, Nima kuma ta taso a farkon shekarun 1930 a hannun Malam Amadu Futa, mai fataucin shanu. Ginshiƙin waɗannan unguwanni shi ne maigida: baƙo ya sauka a wurinsa da goro ko da shanu, shi ya nemo masa dillali, shi ya tsaya masa a kan bashi, sunansa kuma shi ne jingina. Haka harkar nama take. Hausawa sun daɗe suna riƙe da fawa a Akra, kuma wanda ya sayi nama a hannun mahauci ya san shi, ya san sahun da yake tsayawa a masallaci, ya san akwai Sarkin Fawa da za a kai wa ƙara. Halaccin naman ya rataya ne a wuyan mutumin da ake gaisawa da shi kullum.

Yau a unguwannin Nima da Maamobi wannan tsari yana nan, amma wani ya zauna a gefensa. Mafi yawan kajin da ake ci a biranen Gana suna shigowa ne daskare ta tashar jiragen ruwa ta Tema, daga Birazil, Amurka da ƙasashen Turai. Mai sayar da waakye (shinkafa da wake) takan je gidan ƙanƙara da sassafe, ta ɗauki kwalin cinyoyi ko fukafukai, ta share ƙanƙarar da ta rufe gefensa da tafin hannu don ta ga ko akwai zagayayyen tambarin nan na halal mai rubutun Larabci. Idan ta gani, hankalinta ya kwanta. Ba ta san sunan mayankar ba, ba ta san wanda ya riƙe wuƙa ba, ba ta ma san ko wuƙar a hannun mutum take ko a jikin inji ba. A ƙasar da ƙidayar 2021 ta nuna Musulmi sun kai kusan kashi 20 cikin ɗari, dubban tukwane suna dogara kowace rana da ɗan zanen da aka buga a wata nahiya.

Kafin a shiga hukuncin tambarin halal, ya kamata a warware na Demeter, tunda shayi, dabino, auduga da kayan ƙamshi masu ɗauke da shi suna yawo a kasuwannin duniya. Batun giya a bayyane yake. Aya ta 90 ta Suratul Ma'ida ta haramta ta, kuma hadisin da Tirmizi ya ruwaito ya haɗa mai matsa ta, mai ɗaukarta, mai sayar da ita da mai cin kuɗinta a cikin la'ana tare da mai sha. Malikiyya, mazhabar da aka gina karatun zanguna a kanta, ta hana ma sayar da inabi ga wanda aka san giya zai matsa, saboda toshe ƙofar ɓarna. Kyawun hanyar noma ba ya sauya wannan ko kaɗan. Gonar da ta raya ƙasarta, ta kare tsuntsayenta, sannan ta cika kwalabe da abin maye, ta kyautata hanya zuwa ga abin da Shari'a ta hana.

Batun taurari ya fi buƙatar natsuwa. Manomin Hausa ya daɗe yana duba sama. Ya san Kaza da 'ya'yanta, malaman hisabi kuma sun riƙe manazil 28 da suke lissafa damina da su, irin su Haƙa'a, Hana'a da Zira'a. Hadisin Zaidu bin Khalid a Hudaibiyya, wanda ke cikin Muwaɗɗa da Buhari da Muslim, ya yi gargaɗi mai tsanani ga wanda ya jingina saukar ruwa ga tauraro. Imam Shafi'i ya fayyace cewa wanda ya ɗauki tauraron a matsayin alamar lokaci kawai bai fita daga imani ba. Laifin yana kan wanda ya ba shi iko. Ɗaliban tauhidi da suka karanta Ummul Barahin ta Shehu Sanusi da sharhinta sun san rabon da ake yi: mai cewa abu yana tasiri da ɗabi'arsa ya kafirta, mai cewa yana tasiri da wani ƙarfi da aka ajiye a cikinsa ya yi bidi'a, daidai kuwa shi ne Allah ke halittar sakamako a daidai lokacin da sababi ya zo, bisa al'adar da Ya gudanar. Da wannan ma'auni, Musulmin da ya shuka bisa kalandar wata don gwaji, yana jiran ya ga ko al'ada za ta tabbatar, bai taɓa aƙidarsa ba. Wanda ya binne ƙaho yana ƙudurce cewa yana zuƙo ƙarfin taurari ya riƙi sababin da nassi bai kawo ba, gwaji kuma bai tabbatar ba, kuma wannan wuri ne da 'yan ɗariƙa da Ahlussunna na zango ba za su saɓa a kai ba.

Amfanin gonar kansa tsarkakakke ne. Yanka yana buƙatar a san addinin mai yanka, shuka ba ta buƙatar a san addinin mai shuka, kuma ba a yanka wa gunkiyar Girkawa komai ba don an buga sunanta a kwali. Wanda zuciyarsa ta ƙi sunan yana da damar bari, amma ba shi da hujjar haramta wa wani. Akwai ma Musulmin da ya ɗauki hanyar gaba ɗaya: Ibrahim Abouleish, Bamisire da ya yi karatu a Graz, ya koma gida a 1977 ya kafa SEKEM a kan hekta 70 na hamada arewa maso gabas da Alƙahira, ya mai da yashi gonar tsirran magani da auduga, ya kuma sami lambar yabo ta Right Livelihood a 2003. Ya ɗaura aikinsa a kan koyarwar Alƙur'ani game da riƙon amanar ƙasa. Korewar hamadar abu ne da ido ya gani. Ko ƙaho ne ya kawo ta ko taki, rijiyoyi da shekarun wahala, wannan tambaya ce dabam.

Tambarin halal yana da irin iyakar da ke kan na Demeter, ko da yake abin da yake shaida a kai gaskiya ce ta wahayi. Risalar Ibn Abi Zaid al-Ƙairawani, da ake karantawa a zaurukan Nima kamar yadda ake karanta ta a Kano, ta shimfiɗa yanka a kan yanke maƙogwaro da jijiyoyin wuya, tare da ambaton sunan Allah; wanda ya manta ana cin yankansa, wanda ya bari da gangan ba a ci. Mai duba mayanka zai iya ganin wuƙa, ya ga inda ta bi, ya ji bisimilla idan an faɗa da ƙarfi. Niyyar da ke zuciyar mai yanka ba ta shiga takarda. A mayankar da dubban kaji ke wucewa a awa guda, ko abin da ido ke iya gani ma samfuri ake ɗauka.

Shari'a ba ta ɗora wa mai saye abin da ya fi ƙarfinsa ba. A hadisin Nana A'isha da Buhari ya ruwaito, wasu sun yi tambaya a kan naman da sababbin shiga Musulunci ke kawo musu ba su san ko an ambaci sunan Allah a kai ba, aka umarce su da su ambata da kansu su ci. Aya ta 5 ta Suratul Ma'ida ta halatta abincin Ahlul Kitabi, kuma alƙalin Malikiyya Ibn al-Arabi ya faɗaɗa wannan sosai a Ahkamul Ƙur'an, ra'ayin da Muhammad Abduh ya farfaɗo da shi a fatawarsa ta 1903 ga Musulmin Transbal ta Afirka ta Kudu, wasu malamai da dama kuma suka ƙi. Saboda haka mai waakye da ta dogara da tambari ba ta yi laifi ba. Nauyin yana kan wanda ya buga shi.

Wane irin abu ne tambari a mizanin fiƙihu? Shihabuddin al-Ƙarafi, malamin Malikiyya na Masar da ya rasu a 1285, ya buɗe littafinsa al-Furuƙ da bambanci tsakanin shaida da ruwaya, ya ce ya yi kimanin shekara takwas yana neman gane shi. Shaida a gaban alƙali tana shafar mutum ayyananne kuma tana buƙatar adadi. Ruwaya labari ne da ya shafi kowa, kuma amintacce ɗaya ya isa. Tambarin halal ya fi kusa da na biyu, sai dai a duka biyun sharaɗin da ba ya faɗuwa shi ne adalcin mai ba da labari. Labarin wanda ba a san ko wane ne ba, malaman hadisi ba su karɓe shi ba. To tambarin da ba ya ɗauke da sunan hukumar da ta bayar, ko lambar da za a bi a tabbatar, labari ne daga wanda ba a sani ba, kuma kowace maɗaba'a tana iya buga shi. Ƙasashen da suka ɗauki abin da muhimmanci sun koya ne ta hanyar wahala. A Indonisiya jita-jitar kitsen alade a cikin kayan abinci ta girgiza kasuwa a 1988, majalisar malamai ta kafa sashen bincike a 1989, gwamnati kuma ta mai da shaidar halal doka a 2014. Malesiya ta danƙa aikin a hannun hukumar gwamnati, JAKIM. Har yau hukumomin duniya ba su haɗu a kan hukuncin sumar da dabba da lantarki kafin yanka ko yankan inji ba, don haka kalmar da ke kan kwali biyu tana iya nufin sharuɗɗa biyu.

Akwai kuma matsalar wanda ke biya. A Demeter da halal duka, mai kaya ne ke biyan kuɗin dubawa, hukumar da ta cika tsanani kuwa tana iya rasa abokan ciniki. Demeter ta rage wannan haɗari da rubutattun ƙa'idoji da kowa zai karanta, da dubawa kowace shekara, da bin kaya daga gona har kanti. A wannan fanni masu ƙaho sun sha gaban yawancin masu ba da shaidar halal a Afirka ta Yamma, kuma ba abin kunya ba ne a koya daga gare su.

Darasi na biyu ya fi nauyi. Aya ta 168 ta Suratul Baƙara ta haɗa halal da ɗayyib a umarni guda, amma tambarin da aka saba gani ya tsaya a wuyan dabba. Bai tambayi abin da kazar ta ci ba, ko yawan maganin da aka ɗura mata, ko sau nawa kwalin ya narke ya sake daskarewa tsakanin Tema da Maamobi idan wuta ta ɗauke. Naman gida ma bai tsira ba. Akuyar da Musulmi ya yanka da bisimilla ana iya babbake ta da tsofaffin tayoyi, baƙin hayaƙin ya shiga fata, a yi ganda da ita a sayar. A 2015 Hukumar Abinci da Magunguna ta Gana ta gano rinin Sudan, mai jawo ciwon daji, a cikin manjan da ake sayarwa a kasuwannin Akra. Latas da kabejin da ake nomawa a gefen magudanan birni, a wurare irin su Dzorwulu, sau da yawa da ruwan kwata ake ba su ruwa, manoman kuwa da yawansu 'yan'uwa ne Musulmi daga arewa waɗanda ba su da wani ruwan. Duk waɗannan sun tsallake tambayar yanka, ba su tsallake tambayar cutarwa ba, kuma hana cutarwa ƙa'ida ce daga manyan ƙa'idojin fiƙihu. Mabiya Steiner, duk da raunin aƙidarsu, sun gane cewa ba a yi wa abinci hukunci daga matakinsa na ƙarshe kaɗai; suna farawa daga ƙasa, ruwa da rayuwar dabba.

Wannan ba ya nufin a ɗora wa mahaucin Nima ko mai fura kuɗin satifiket irin na Turai. Ƙaramin mai sana'a ba zai iya ba, kuma idan aka tilasta, manyan kamfanoni ne za su mallaki sunan halal, mahaucin da kakanninsa suka riƙe amanar nan tun zamanin Malam Naino ya koma abin zargi don ba shi da takarda. Inda mai saye ya san mai yanka, sanin ya fi tambari ƙarfi, domin shaida ce kai tsaye daga adalin da aka sani. Aikin da ke gaban Sarkin Fawa da limaman unguwa a nan shi ne faɗaɗa amanar ta kai ga babbaka, ruwan wanki da tsabtar teburi. Tambari ya zama dole ne inda nisa ya yanke sani, wato a kan kayan gwangwani, kajin ƙanƙara da haɗe-haɗen masana'anta.

A irin waɗannan kaya, hukuncin da ya fi dacewa da ƙa'idojin Malikiyya shi ne a karɓi tambarin da aka san hukumar da ke bayansa, aka san ƙa'idojinta a rubuce, aka kuma san tana iya janye shi idan an saɓa. Wanda babu suna a jikinsa ba ya ƙara wa kaya komai, hukuncinsu yana nan yadda yake kafin a buga shi. Ofishin Babban Limamin Ƙasa, wanda Shehu Usman Nuhu Sharubutu ya hau kujerarsa a 1993, da sauran majalisun malamai na Gana su ne ke da girman da za su nemi masu shigo da kaji ta Tema su bayyana sunan mayanka da hukumar da ta duba ta, a kuma karanta wa jama'a jerin amintattun a masallatan Juma'a na Nima, Maamobi, Sabon Zango da Zongo Lane.